Abin Da Muke Haɗawa Ni Da 'Ya'yana

Ni akawu ne. Aikina lissafi da takardu da kwamfuta, kuma har na haye shekara arba'in ban taɓa zama na haɗa wani abu mai motsi da hannuna ba. Amma fa a gaban teburin gyara na tashi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne. Nakan tsaya a gefensa in ga ya buɗe bayan agogo, ƙananan haƙora suna cizon juna suna juyawa, hannuna yana ƙaiƙayi, ba halin taɓawa. Ba tsanani ne ya sa yake hana ni ba. Kayan mutane ne aka ba shi amana, in wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya ɓace shi zai biya. Abin da na fi ji a bakinsa shi ne, "Kalla da ido, mayar da hannunka baya." Haka na yi ta kallo da ido har Allah Ya karɓi abinsa, ban san dalilin da ya sa allurar minti take riga ta awa gudu ba.

Na kawo wannan ne don a gane abin da ya same ni ranar da ɗana na tsakiya ya shigo da wani ɗan kwali. Sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake kiransa. Kawunsa ne ya ba shi kyautar wata ƙaramar mota ta Lego Technic, shi kuwa lokacin bai kai ya bi littafin haɗin shi kaɗai ba. Ya ce, "Abba, haɗa mini." Muka zazzage kayan a kan tebur. Ba irin bulon nan da aka saba gani ana ɗora wani kan wani ba ne. Sanduna ne na roba masu huji a jere, da ƙananan ƙusoshi, da tsinkaye masu bakin alamar tarawa, da giya iri-iri, wato 'yan fayafayi masu haƙora. Da muka gama ya tura motar, sai ga fistan suna hawa suna sauka a cikin injinta. Ya kai yatsa ya danne ɗaya, tayoyin suka tsaya cak. Ya ɗago ya dube ni, yana jiran in hana shi. Na ce, "Babana, taɓa. Naka ne. In ya ɓalle mu mayar." Ban taɓa zaton kalmomi kaɗan irin waɗannan za su yi mini nauyi a baki ba, sai da na tashi na ɗan fita waje.

Kafin wannan rana, tsakanina da 'ya'yana akwai ƙauna, amma babu zama. In na dawo daga aiki a gajiye, tambayata ba ta wuce biyu: an yi aikin makaranta, kowa lafiya. Su ce e, in ce madalla, kowa ya kama gabansa. Ni ba mai yawan magana ba ne, ban iya zaunar da yaro in ja shi da hira ba. Abin da wannan tebur ya yi mini shi ne ya ba mu abin da za mu sa a gaba tare. In hannu yana aiki, baki yakan saki da kansa. A kan neman wata baƙar ƙusa na fara jin sunayen abokan Babana, a nan kuma 'yata ta fari ta gaya mini wani darasi yana ba ta wuya, abin da ta daɗe tana ɓoyewa.

Da abin ya shiga raina sai na bi tarihinsa. Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932. A 1958 kamfanin da ya kafa, wato Lego, ya yi rajistar bulon roba mai kama ɗan'uwansa, kuma bulon wancan lokaci har yau yana shiga cikin wanda aka ƙera bana. Layin masu giya da tsinke, wato Technic, ya fito a 1977. Sai dai wanda labarinsa ya fi taɓa ni wani ne daban, Frank Hornby, mutumin Libaful a Ingila. Shi ma akawu ne. Don 'ya'yansa maza ya riƙa yanka sillayen ƙarfe yana huda su a jere, ana ɗaure su da noti a yi ƙugiya ko gada, a kwance a sake yin wani abu. Ya yi rajistar dabarar a 1901, ita ce daga baya ta zama kayan wasan haɗi na ƙarfe da ake kira Meccano. Da na karanta haka na ji kunyar da nake ji ta ragu, don a farko ina ɓoye wa abokan aiki cewa babba da ni ina zama da kayan wasa. Ashe tun asali uba ne da 'ya'yansa suka fara abin.

Wanda bai taɓa riƙe kayan ba zai ɗauka bin hoto ne kawai, a sa wannan a cikin wancan. Akwai ƙa'ida a ƙarƙashi, kuma ita ce daɗin abin. Tsakanin huji da huji milimita 8 ne, ko'ina, a kowace sanda. Girman giya a kan wannan awo aka yi shi. Mai haƙora 8 da mai 24 suna cizon juna in ka bar huji ɗaya a tsakaninsu, haka biyu masu 16. Mai 8 da mai 40 kuwa sai ka bar huji biyu. Ƙusoshin ma ba ɗaya ba ne: baƙa tana riƙewa gam, mai ruwan toka tana barin abu ya juya a kanta. In ka sa baƙa a wurin da ake son juyi, injin zai yi nauyi, kuma ba za ka gane ba sai ka yi nisa.

Babana ne ya fara tambayar da ta buɗe mana wannan babi. Mun haɗa wata ƙugiya, yana murɗa hannunta sau da yawa kafin kaya ya ɗan ɗaga. Ya ce, "Abba, me ya sa take da nawa haka?" Na ce ya ƙirga haƙoran. Ƙaramar 8, babbar 24. Sai ƙaramar ta zaga sau uku kafin babbar ta zaga sau ɗaya. Na sa shi ya juya su, babbar ta koma tana jan ƙaramar. Igiya ta riƙa naɗewa da sauri, amma da ya rataya kaya hannun ya ƙi murɗuwa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe in ka samu gudu ka rasa ƙarfi." Ban ƙara masa komai ba. Daga baya ya gano in ya jera irin wannan haɗi sau biyu, uku sau uku ya zama tara, har ya ɗaga kwalbar ruwa da yatsa ɗaya. Akwai kuma wata giya mai zare irin na noti, wadda zagayenta ɗaya haƙori ɗaya tak take turawa, kuma ba a iya juya ta daga baya. Ita ce take sa kayan da aka ɗaga ya tsaya a sama ko an saki hannu. A daren da muka yi wannan lissafi na zauna ni kaɗai na gane agogon mahaifina: allurar minti tana zagaye 12 kafin ta awa ta yi ɗaya, kuma yawan haƙoran da ke tsakaninsu ne ya raba musu gudun. Na yi masa addu'a sosai a daren.

'Yata ta fari, wadda duk gidan muke kira Yaya, da farko daga nesa take kallo. Tana ganin abin na maza ne da na yara. Abin da ya jawo ta shi ne difaranshiyal, wato giyar da ke raba gudu tsakanin tayoyi biyu. Na ɗaga wata mota sama na juya tayar dama gaba, ta hagu ta juya baya. Ta ce, "Abba, ka haɗa ba daidai ba." Na ce daidai ne, ta zo ta duba. Ta zauna ta kwance gindin motar. A ciki ƙananan giya uku ne masu haƙora 12, a cikin wani ɗan gida da ke juyawa da su. Na nuna mata dalili a kan tebur: in mota ta sha kwana, tayar waje tana cin hanya mai tsawo fiye da ta ciki. In an ɗaure su a tsinke ɗaya, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Waɗannan giya uku su ne suke ba kowace taya damar yin gudun da ya dace da ita, alhali inji ɗaya ne yake tura su.

Ba a yi kwana nawa ba ta dawo da ƙorafi. Ta ɗora motar a kan littafi yadda taya ɗaya ta rataya a iska, sai wannan tayar ta riƙa juyawa ita kaɗai, motar ba ta motsa ba. Ta ce, "Wannan dabara tana da aibi." Gaskiyarta, kuma aibin da ke sa motar gaske ta maƙale a laka ke nan, shi ya sa ake yi wa manyan motocin daji makullin da ke ɗaure tayoyin biyu. Ban gaya mata akwai shi ba. Ita ta zauna ta ƙirƙiro nata, da wata 'yar sanda da ake turawa ta kama gidan giyar. Bai yi kyan gani ba, yana kuma zamewa wani lokaci, amma ya yi aiki. Tun daga ranar ba ta sake cewa abin na maza ne ba, kuma a yau ta fi ni saurin gane inda haɗi ya cije.

Ita ce ma ta ceci wata doguwar ƙugiya ta Babana da ke ta lanƙwashewa. Ya yi ta ƙara sanduna a jere, abin yana ƙara nauyi yana ƙara rusunawa. Ta ce masa murabba'i yakan karkace, alwatika ba ta karkacewa. Ta ɗauko abin da aka koya musu a aji, uku da huɗu da biyar, ta ƙirga tazarar huji uku a tsaye, huɗu a kwance, ta gitta sanda mai tazarar biyar, ƙusoshi suka faɗa a ramukansu ba tare da an tilasta ba. Ya ce, "Yaya, a ina kika san wannan?" Ta ce a darasin da ta fi tsana.

Mahaifiyarsu ba ta karɓi abin hannu bibbiyu ba da farko, kuma tana da hujja. Autanmu lokacin yana rarrafe, komai ya gani baki yake kai wa. A jikin kowane kwali an rubuta cewa bai dace da yaron da bai kai shekara uku ba, saboda ƙananan ƙwayoyin suna iya shaƙe shi. Ta ce, "Abban yara, ko dai a yi tsari ko a tattara." Muka yi tsari. Ba a haɗi sai a kan faffaɗan faranti mai baki, ba a buɗe kaya sai ƙofa tana rufe, in an tashi a duba ƙasa da fitila. Ta kuma sa sharaɗi a kan kuɗi, don kayan nan ba su da araha: ba a sayen sabo sai an gama da bukatun gida, kuma sai wanda ke hannu ya sha haɗi da kwancewa. Ita ce kuma ta gyara mana ajiya. Mu da launi muke warewa, baƙi wuri ɗaya, ja wuri ɗaya. Ta kalle mu muna tonon baƙar ƙusa a cikin tulin baƙaƙen kaya, ta ce mu ware da iri, ƙusa da ƙusa, giya da giya, ido zai tsinci launi da kansa. Daga baya na ga haka duk tsofaffin hannu suke yi.

Tara kayan kuwa a hankali ya zo. Na fara jin manya suna ambaton saiti da lambarsa, kamar sunan aboki. Wanda aka fi yabo a cikin tsofaffi shi ne 8880, motar da ta fito a 1994, ƙwaya 1,343. Na daɗe ina nemanta kafin in samu ta hannu, a cikin leda, ba kwali, wasu ƙwayoyin sun ɓace, fararen sun yi rawaya saboda hasken rana. Muka wanke ta da hannu a ruwa mai ɗumi, don kamfanin ya ce kada zafinsa ya wuce digiri 40, muka shanya a inuwa. Yaya ta riƙe jerin kayan tana kira, Babana yana ƙirgawa, ni ina rubuta abin da babu. Kowace ƙwaya tana da lambarta, akwai kuma kasuwar intanet ta BrickLink da aka kafa a 2000, inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke sayar da ƙwaya ɗai-ɗai. Sai da muka yi haƙurin jira kafin ta cika. Amma da ta tsaya a kan tayoyinta, gani ya kori ji. Inji mai silinda takwas, giyabos mai giya huɗu da ake sawa da hannu, difaranshiyal uku, duka tayoyi huɗu suna ja, duka huɗun kuma suna karkata in an murɗa sitiyari. Babban abin shi ne jikinta a buɗe yake. Kana tura ta kana bin motsin da ido, daga taya zuwa tsinke, daga tsinke zuwa giyabos, har ya isa fistan.

A nan ra'ayina ya bambanta da na masu tarawa da yawa. Sababbin manyan motocin suna da kyau ƙwarai. Mun haɗa Bugatti Chiron ta 2018, ƙwaya 3,599, da injinta mai silinda 16 da giyabos mai giya takwas. Haɗa wannan giyabos yana cikin abubuwan da suka fi ba ni mamaki, amma da aka rufe jikin motar sai duk wahalar ta shige ciki, ba mai ganinta. Yaro zai ce ta yi kyau, ya wuce. Ni na fi son injin da ke nuna cikinsa. Shi ya sa a wurinmu tifar Mercedes-Benz Arocs ta 2015 ta fi daraja, wadda hannun ƙugiyarta da iska yake aiki: famfo yana tura iska ta cikin siraran tiyo, ka karkata bawul, silinda ta miƙe. Haka katafaren injin haƙa mai lamba 42055 na 2016, ƙwaya 3,929, wanda ɗan inji ɗaya mai batir yake juya ƙafar guga da bel ɗin kwashe ƙasa da tafiyarsa duka, ta hanyar rarraba motsi da giya. Akwai waɗanda ake sarrafawa da waya, irin injin haƙa Liebherr R 9800 na 2019 mai injin lantarki bakwai. Ban raina su ba, sai dai ni don in raba idon yara da waya na zauna a teburin nan, ban ga dalilin mayar da ita tsakiyarmu ba.

Na san mutanen da suke sayen kwali su ajiye a rufe, ba su ko yanke lambar manne ba, suna jiran a daina ƙera shi ya yi tsada. Wasu kuma su haɗa sau ɗaya su sa a gilashi, yaro ya matso a daka masa tsawa. Kowa da abin da yake nema, kuma na fahimci daɗin ganin abu a jere tsaf, don ni ma ina jin sa. Amma ban yarda in zama mai gadin kayan wasa a gidana ba. Dokarmu ita ce duk abin da aka haɗa zai yi kwanakinsa a kan kanta, a kalle shi, a tura shi, sannan ya koma ƙwaya. Littattafan haɗin muna adana su da kyau, duk ranar da aka yi marmari a sake tayar da shi.

An gwada ni a kan wannan doka. Yaya ta zo ta ce tana son giyabos ɗin Bugatti, za ta sa shi a wata babbar mota da take tsarawa. Motar nan mun sha zama a kanta, kuma ita ce baƙo yake fara gani. Raina ya yi nauyi. Na ce ta ba ni zuwa gobe. Da safe na sauko da ita da kaina na ajiye mata, na ce, "Ki bi a hankali, ki duba yadda aka jera shi kafin ki zare." Ta kwance ta daga baya, ta fito da giyabos ɗin ɗungurungum, ta ajiye a kan faranti. A ranar ne Babana ya fara ganin yadda ake sauya giya da idonsa, yadda wani ɗan zobe yake zamewa a kan tsinke ya kama wannan giya ya saki waccan. Ya fi awa yana juya shi. Duk zaman da motar ta yi a kan kanta ba ta koya masa abin da ta koya masa a wannan awa ba.

Ba kullum ake zaman lafiya ba. Ana faɗa a kan wa zai sa taya ta ƙarshe, ana kuka in abin da aka yi kwanaki ana yi ya ƙi tafiya. Abin da ya fi mini wuya har yau shi ne in ga yaro zai sa giya a juye in yi shiru. Hannuna yakan so ya miƙa. Na koyi in tambaya kawai, "Ka gwada juya shi kafin ka rufe?" Wani lokaci ya gwada ya gano, wani lokaci ya ce ya sani, ya yi gaba, sai an kai shafi mai nisa a dawo a kwance. In aka dawo ɗin, tare muke kwancewa, ba na cewa ai na faɗa maka.

Auta yanzu ya girma ya samu kujerarsa. Shi ne mai miƙo kaya, kuma ya san tsawon tsinke da ido, in ka ce mai shida ba zai kawo mai biyar ba. Yaya tana gab da gama sakandare, tana maganar karatun injiniya, ni kuwa ban tura ta ba, ban kuma hana ta ba, addu'a nake yi Allah Ya zaɓa mata mafi alheri.

Abin da ke kan teburinmu a yanzu tifa ce da Babana ya tsara da kansa, ba littafi. Komai ya yi, sai bodin ya ƙi ɗagawa in an zuba masa kaya. Famfo yana aiki, silinda tana yunƙuri, ta tsaya a rabi. Shi yana cewa a ƙara silinda ta biyu, ƙarfin ya ninka. Yaya ta ce ba sai an ƙara ba, a matsar da inda silindar take turawa ya yi nesa da maƙalar bodin, za ta ɗaga da sauƙi, ko da yake ba za ta kai shi sama sosai ba. Babana ya ce in bai kai sama ba kayan ba za su zube ba, to me aka yi. Sun tambaye ni, na ce ina ganin maganar Yaya ta fi kusa, amma sai an gwada. Mahaifiyarsu ta ce a yi duka biyun a auna da kaya iri ɗaya. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu za mu fara da ta Babana, don shi ne mai motar.